Mushe, ka taɓa ganin teku?

A shekarar karatu ta 2018 zuwa 2019 ina riƙe da ajin CM2 a wata makarantar firamare da ke gefen Maraɗi. Wata rana muna darasin labarin ƙasa, na zana taswirar Afirka ta Yamma a allo, na shafa shuɗin alli a gindinta, na rubuta abin da nake rubutawa kowace shekara tun da na fito daga makarantar horon malamai: Nijar ba ta da bakin teku, kayanta ta tashoshin jiragen ruwan maƙwabta suke shigowa. Yara suna cikin kwafa sai wata yarinya daga bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, kai ka taɓa ganin tekun?"

Na ce, "Na gani mana. Ku ci gaba da rubutu."

Ƙarya na yi mata. A littafi na gan shi, sai kuma a talabijin. Babban ruwan da na taɓa tsayawa a bakinsa shi ne tafkin Madarunfa, sai kogin Isa da na leƙa daga kan gadar Kennedy lokacin da na je Yamai bin wasu takardu. Yarinyar ta yarda, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da rubutunta. Yardar nan da ta yi ita ta tsaya mini a rai.

Mai karatu ya sani, mu nan ba mu saba da tafiya don kallo ba. Ana tafiya fatauci, ana tafiya cin rani, ana tafiya neman magani ko gaisuwar rasuwa, mai hali ya je Makka. Amma wanda ya ce zai yi tafiyar kwana biyu don kawai ya tsaya ya kalli ruwa, sai a tambaye shi ko lafiya. Ga shi babban hutun makaranta a damina yake faɗowa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, dangin ƙauye kowa ya zuba wa mai albashi ido. Da na ɗauki adashenmu na malamai, jaka ɗari da hamsin, na je na gaya wa yayana niyyata. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malam, ashe haka boko ke juya kan mutum? Buhun gero nawa ke cikin kuɗin nan? In ruwa kake son gani, ga gulbi can ya kawo."

Na ce, "Yaya, a yi mini haƙuri. Bashi ne a kaina, shi zan je in biya."

Bai gane ba, ni ma ban yi masa bayani ba, don kunya. Na bar masa kuɗin buhu guda, na kama hanya bayan sallar layya, cikin watan Agusta na 2019.

Daga Maraɗi muka bi Ƙonni da Dogon Dutsi zuwa Dosso, muka karya kudu zuwa Gaya, muka haye gada muka faɗa Malanbil ta ƙasar Benin. Daga nan sai Kandi, Paraku, Dasa, Bohikon. Duk abin da nake karantar da yara game da yadda tsirrai ke sauyawa in an nufi kudu, ga shi yana wucewa ta tagar mota: ƙaya ta ƙare, kaɗanya da ɗorawa suka yi yawa, sai tulin doya a bakin hanya, can gaba kuma itacen kwakwar manja. Manyan motocin kaya masu lambar Nijar kuwa ba su yanke ba tun daga gada har Kwatano.

Na sauka a Zango wajen wani ɗan unguwarmu da ke harkar fiton motoci. A Zangon Kwatano mutum ba ya jin baƙunta: ga mai shayi, ga mai tsire, ga kiran salla, Hausa ko'ina. Washegari ya ɗauko mana masu babur, waɗanda can ake kira zemijan, masu rawayar riga, suka kai mu bakin ruwa a Fijirose. Kafin in gan shi sai da na ji shi. Wani rugugi ne kamar hadari na tasowa, amma ba ya ƙarewa. Da muka hau tudun yashi na tsaya cak. Ruwa ne har inda ido ya gaza, babu tsallake, babu itace, babu komai. Kuma ba shuɗi ba ne kamar allina, toka-toka ne, bakinsa fari fat da kumfa. Na ce, "Subhanallahi." Mai masaukina ya yi dariya ya ce, "Mushe, kar ka matsa. Wannan ba Madarunfa ba ne, ja yake yi." Gaskiya ya faɗa, igiyar ruwan gaɓar nan tana da ƙarfi, ko ƴan garin ba su wasa da ita.

Ban so in ƙare hutuna a birni ba. Gaɓar tekun Benin gajera ce, ba ta fi kilomita 120 da ƴan kai ba, don haka na nufi yamma, wajen iyakar Togo, na sauka Gran-Popo, kimanin kilomita 80 daga Kwatano. Gari ne siriri, shimfiɗe a kan zirin yashi, teku a gabansa, kogin Mono a bayansa. Na kama ɗaki a wani ƙaramin masauki, jaka biyar a kwana. Agusta can lokacin ɗan tsagaitawar ruwan sama ne tsakanin daminarsu biyu, iska mai sanyi ke kaɗawa dare da rana. Akwai Turawa ƴan yawon buɗe ido a masaukan da ke kusa, suna kwance a rana da littafi a hannu. Kwana ɗaya na gwada irin nasu hutun, na zauna a gindin kwakwa ina kallon ruwa. Kafin azahar na gaji.

Washegari bayan sallar asuba na bi gaɓa da ƙafa zuwa wani ƙauyen masunta, bukkokinsa duk na ganyen kwakwa. Na tarar da layin mutane biyu, nesa da juna, kowane layi riƙe da igiya mai kaurin hannu da ta shige cikin teku. Tun da duhu jirginsu ya fita ya zagaya da taru, yanzu kuma ana jawo shi zuwa tudu. Maza, samari, har da yara, wani yana ba da waƙa ana amsawa, kowa ya jingina da baya, a ja taki ɗaya, na ƙarshen layi ya saki ya dawo gaba. Ina tsaye ina kallo sai wani dattijo ya yafuto ni da hannu, ya ce da Faransanci, "Alaji, zo ka kama."

Na naɗe riga na kama. Jama'a, na yi noma tun ina yaro, amma ban taɓa jin aiki ya shiga ƙuguna kamar wannan ba. Mun fi awa uku muna ja. Tafin hannuna ya kwaile. Can cikin wahalar sai na gane inda na san wannan abu: gayya ce. Ita ce dai gayyar da muke yi a gonar surukai, da mai waƙarta, da ragon da ke ɓuya a tsakiya, da tsohon da ba ya ja sosai amma in babu shi layi ya watse. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a yashin teku ma haka ne.

Da tarun ya fito, mata suka kewaye shi da manyan kwanoni. Abin da ke ciki bai kai yadda na zata ba: ƙananan kifaye, ƴan manya kaɗan, da leda mai yawa. Aka ware rabon mai taru, aka raba saura, ni ma aka zuba mini guda shida a ganye. Na duba fuskokinsu, na ga fuskar da na sani, ta manomin da ya ɗaure damma ashirin a gonar da ta saba ba shi hamsin. Dattijon ya ce mini kifi ya ja baya, samarinsu suna tafiya Kwatano tuƙin babur, wasu su bi jirage har Gabon. Ya nuna mini cikin ruwa, wajen tsohon garin, ya ce can akwai gidaje da tituna da teku ya cinye. Na ce masa mu ma hamada tana cin gonakinmu, samarinmu suna tafiya Najeriya da Libiya. Muka yi shiru. Wata mata ta gasa mini kifin, na ci da akasa, wani farin tuwon masara mai ɗan tsami da ake naɗewa a ganye.

A hanyar komowa na tsaya Wida. Kusa da garin akwai ƙauyen Jegbaji, inda mata ke yin gishiri. Suka nuna mini yadda ake kankare ƙasa mai gishiri, a zuba ta a manyan kwanduna, a tace da ruwa, a dafa ruwan har ya ƙafe. Na yi dariya, don haka ake yi a dallol Foga, can wajen Gaya da na ratso. Daga cikin garin Wida kuma akwai hanya ta kimanin kilomita 4 zuwa bakin teku, wadda aka riƙa kora bayi a kanta. A ƙarshenta aka gina wata babbar ƙofa a 1995 don tunawa, ana kiranta ƙofar da ba a dawowa. Masana tarihi sun ƙiyasta mutanen da aka loda a jirage daga wannan gaɓa sun kai miliyan guda. A cikin waɗanda aka kwashe daga wannan yanki har da Hausawa, waɗanda aka kai Bahiya ta ƙasar Barazil, inda suka yi yunƙurin tawaye a 1807, wasunsu kuma suka shiga tawayen bayi Musulmi na 1835. Na tsaya a ƙarƙashin ƙofar ina tunanin wani Bagobiri ko Bakatsine da ya fara ganin teku a daidai wurin nan, shi ma bai taɓa ganinsa ba kamar ni, amma shi da sarƙa a wuya. Na yi musu addu'a. Sannan na cika wata gorar roba da ruwan tekun, na tsinci ƴan bawon katantanwa, na juyo gida.

Da aka koma makaranta a Oktoba na nemi yarinyar nan. Ajinsu ya riga ya fita, aka ce iyayenta sun tashi daga unguwar. Ban sake ganinta ba. Ita na ci wa bashin, amma ƙannenta na biya. Ranar darasin na ajiye gorar a kan tebur, na gaya wa sabon ajin cewa bara wata ɗaliba ta yi mini tambaya na yi mata ƙarya. Aji ya yi tsit, don ba su saba jin mushe ya faɗi haka ba. Na ɗiga wa kowa ruwan a yatsa. Suka lasa, suka yamutsa fuska, suka ɗauki ihu: "Gishiri!" Ranar ba wanda ya yi gyangyaɗi. Tun daga lokacin na daina ce musu teku wurin shaƙatawa ne kamar yadda hotunan littafi ke nunawa. Ina ce musu gona ce ta wasu talakawa irinmu, kuma ƙofa ce da shinkafarmu da maganinmu ke shigowa ta cikinta.

Wannan magana ta ƙofa, yaran sun gane ta ba da bakina ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar Gaya, motocin kaya suka yi cirko-cirko, mutane suka koma ƙetare kogi da kwalekwale, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Kowace uwa ta ji nisan teku a kuɗin cefanenta. Hanyar da na bi cikin sauƙi da katin ɗan ƙasa ta zama abin da sai an yi shawara. Da na biye wa masu cewa in bari sai baɗi, da wataƙila har yau da shuɗin alli kaɗai nake aiki.

Ban ce yayana bai da gaskiya ba. Buhun gero a watan Agusta ba abin wasa ba ne, kuma har gobe in zancen ya taso sai ya ce, "Malam da ya kai kuɗinsa ruwa." Amma ina kira ga ƴan'uwana malamai: abin da muke karantarwa, mu yi ƙoƙari mu ga ko kaɗan daga cikinsa da idonmu. In teku ya yi nisa, akwai duwatsun Ayar, akwai raƙuman dawa na Kure, akwai fadar Damagaram. In kuma ba mu gani ba, yaro ya tambaya, mu ce ba mu gani ba. Gani ya kori ji, amma gaskiya ta fi su duka.

Gorar tana nan a cikin kabad ɗin ajina, ruwan ya koma ƙasa da rabi. Ɗigo-ɗigo nake ba su yanzu, don ya kai wasu shekaru. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya buɗe hanyoyi, ya sa wani daga cikin yaran nan ya je ya ciko mana ita.