Harshen Da Aka Kora Daga Aji Ya Fake A Dandali

Na daɗe ina sauraren kiɗan Kejun na kudancin jihar Luwiziyana ta Amurka, kuma abin da ya fi jan hankalina, a matsayina na mai nazarin harshe, shi ne yadda dandalin rawa ya riƙe harshen da makaranta ta kora.

Kejun jikokin Faransawan Akadiya ne, wadda ke gabashin Kanada ta yau. Ingilishi suka fara korarsu daga can a 1755, wasunsu suka yada zango a Luwiziyana. Sun zo da waƙoƙinsu da goge irin na Turawa. A ƙarshen ƙarni na 19 suka karɓi akodiyon, wani abin kiɗa da ake matsawa kamar zugazugin maƙera. Daren Asabar akan taru a gida ko a zauren rawa, a kwantar da jarirai a wani ɗaki, manya su kwana suna cashewa. Wannan taro shi ake kira "fais do-do", wato kalmar lallashin yaro ya yi barci.

Ba su kaɗai suka gina kiɗan ba. Maƙwabtansu baƙar fata, Kiriyol masu jin Faransanci, su suka zuba masa gishirin buluz, kiɗan nan na baƙaƙen Amurka mai jan murya kamar kuka. A 1929 Amédé Ardoin, baƙar fata mai akodiyon, da Dennis McGee, farar fata mai goge, suka ɗauki faifai tare, alhali dokar wariyar launin fata na da ƙarfi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Iry LeJeune ya ɗauko salon Ardoin ya farfaɗo da akodiyon a dandali.

A wannan zamani kuwa harshen yana shan wuya. Tsarin mulkin jihar na 1921 ya sa Ingilishi kaɗai ya zama harshen koyarwa, har ana hukunta yaro don ya yi Faransanci. Yaron da aka hukunta ranar Juma'a, shi ne zai ji ana rera waƙa da harshen nan ranar Asabar, jama'a na tafi. Sai a 1968 jihar ta kafa hukumar raya Faransanci, bayan masu jinsa sun ragu ƙwarai.

Waƙa ba ta hana wannan raguwa ba, amma ta hana harshen zama abin kunya ɗungurungum. Mu ma nan an yi makarantun da ake cin tarar ɗalibi don ya yi Hausa. Saboda haka nake jan kunnen mai shirin zama malami: harshen da yaro ya zo da shi daga gida jarinsa ne, kuma abin da ya ara daga maƙwabta ba ya rage masa daraja.