Agogo a gindin akushin Kaka

Hutun daminar bara ban je ko'ina ba, don aljihuna babu ko dala. Sai na roƙi wani kafinta na unguwarmu, nan Maradi, ya ɗauke ni yaron shago. Sati ukun farko aikina shara, riƙe katako, goge teburi da samfefa da ɗora shayi. Ran da na ce zan iya riƙe zarto, Maigida ya dube ni ya ce: "Ɗalibi, hannunka bai gama karatu ba tukun."

A gidanmu akwai wani baƙin akushi na Kaka, mahaifiyar Baba, Allah ya jiƙanta. Bayansa duk zane ne, layuka da ƙananan kusurwoyi da masassaƙi ya tsaga da hannu. Bakinsa ya daɗe da tsagewa, tun rasuwarta yana ƙarƙashin gadon Inna yana shan ƙura, ni kuma ina tsoron gara ta riga mu. Sai tunani ya zo mini in sa mishi agogo a rataye a bango, kowa ya riƙa ganinsa. Na faɗa wa Baba, ya ce: "Ba nawa ba ne ni kaɗai. Tambayi Gwaggonka, ita ce babba." Na kira Gwaggo a Tibiri. Da na gama bayani ta ce: "Akushin da anka ciyad da mu ciki za ka hudawa?" Daga nan ta yi shiru, kati na ya ƙare. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ni na ɗauki shirun a matsayin e, don abin da nake so ke nan.

Injin agogon na saye shi wurin mai gyaran agogo a babbar kasuwa. Ɗan baƙin akwati ne na roba, milimita 56 kowane gefe, kaurinsa kamar 16, yana cin pil ɗaya mai volt 1.5. A cikinsa akwai ɗan ƙanƙanen dutsen kwatz da ke kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa guda, shi ke ƙirga lokaci. A tsakiya wani ɗan wuya ya fito mai zare irin na noti: shi ne zai ratsa katako ya leƙo ta gaba, a ɗaure shi, a ɗora hannuwan agogo a kai. Mai gyaran ya tambaye ni: "Kaurin katakonka nawa?" Na ce ya ba ni kowanne. Ya yi dariya ya ba ni mai wuyan milimita 12. Sai daga baya na gane cewa wannan tambayar ita ce rabin aikin.

Maigida ya jujjuya akushin a hannunsa, ya ce a kife shi: gindi ya kalli mutane, zanen ya fito, injin ya ɓuya cikin ramin. Amma ya hana ni taɓa shi. Ya jefo mini guntayen katakon dogon yaro ya ce in fara huda waɗannan. Na farko na danna injin huji da ƙarfi, bakin ya faso ta baya ya ɓantare katakon kamar an ciji rogo. Ya ce: "Da akushin tsohuwa ne fa?" Sannan ya gwada mini: ka fara ta fuskar da za a gani, da tsinin ya leƙo ta baya ka tsaya, ka juya, ka ƙarasa ta can. Sai a guntu na huɗu ramin ya fita tsaf.

Neman tsakiya ma sai da ya ba ni wuya. Da gizago aka sassaƙa akushin, ba da inji ba, don haka bai zagaye daidai ba: santimita 31 ta nan, 29 ta can. Na giciya zare biyu, na sa alama da alli, na share, na sake. Ran da na ɗora bakin huji mai milimita 8 a kan alamar, hannuna rawa yake. Garin da ya fito ja-ja ne, ba baƙi ba. Na tsaya ina kallonsa, don ban taɓa tunanin cikin akushin yana da wani launi dabam ba.

Na zura tsinken tsintsiya cikin ramin na auna: milimita 21. Wuyan injin 12 ne, kuma sai an bar wurin noti. Ke nan dole in rage gindin ta ciki har ya dawo kamar 8, in kuma baje wurin ya yi shimfiɗe don akwatin ya zauna. Kwana biyu na yi a kan wannan da ƙarfen sassaƙa. Maigida ya ce kada in sa guduma, in tura da hannu, in bi yadda jijiyar itacen ta kwanta. A rana ta biyu, da yamma, na gaji, shi kuma ya tafi sallar la'asar. Na ɗauki guduma na buga sau ɗaya kawai. Na ji "ƙas". Tsohon tsagin nan na baki ya ƙara tafiya kamar faɗin yatsa biyu, ya nufi gindi.

Da ya dawo bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Ya ɗauki bakin huji mafi siriri ya yi ɗan rami daidai inda tsagin ya tsaya, ya ce da ya iso nan ba zai wuce ba. Muka kwaɓa gam da garin akushin da kansa muka cike. In ka matso kusa har yanzu za ka ga tabon.

Wurin alamomin awa ne lissafin koleji ya yi mini rana. Da'ira digiri 360 ce, a raba 12, kowace awa 30. Na zana a takarda da kompa, na ɗora a kan gindin. Na so in kafa ƙananan ƙusoshi 12, amma bayan abin da ya faru na tsaya a huɗu: 12, 3, 6 da 9, kowace sai da na fara huda mata wuri. Hannuwa kuma da tsarinsu: na awa tukun, sai na minti, sai na daƙiƙa, dukansu suna kallon 12. Na sa pil, na saita ƙarfe 4, na tafi gida ina jin kaina. Da safe na tarar da shi a ƙarfe 4 da minti 20. Hannun minti ya kama na awa tun haɗuwarsu ta farko. Na ɗan ɗaga shi da yatsa, ya ci gaba.

Gwaggo ta zo suna bayan wata biyu. Ta ga agogon a ɗakin Baba, ta ce in sauke mata. Ba ta dubi lokaci ba. Ta juya shi, ta shafa cikin, ta bi tsagin da farce. Ta ce: "Wanga tsagi ni na yi shi. Ina ƙarama na yada shi da tuwo ciki, Inna ta ce akuya ce, don kada Baba shi buge ni." Babu wanda ya san wannan labari a gidanmu, har Baba. Sannan ta miƙo mini ta ce: "Ka yi aiki, ɗana, Allah shi yi albarka. Amma da ka kawo mani na ci tuwo ciki ko sau guda kahin ka huda."

Ban sami amsa ba. Mu ƴan lakkwal mun saba da fensir da abin gogewa, in ka yi kuskure ka share ka sake, shi ya sa muke gaggawa. Na auna gindin akushin da tsinke ya fi sau goma, amma ban sayi katin dala ashirin na sake kiran Tibiri ba, ga shi kuwa kuɗin motar zuwa can bai kai na injin agogon ba.

Agogon yana nan yana tafiya, sau ɗaya na canza mishi pil. Baba da shi yake duba lokacin labaran rediyo. Kwanan baya wani abokina na jami'a ya gan shi, ya kawo mini allon kakansa na itacen aduwa, wai in yi mishi irinsa. Na auna kaurin, na ce zai yiwu. Sannan na mayar mishi da abinsa, na ce ya je ya zagaya gidajen kawunnansa da gwaggonninsa tukun, ido da ido. Har yau bai dawo ba.