Daga Kazaure Zuwa Babura: Wurin Masu Renon Itatuwa

'Yan uwana mata, duk wadda ta taɓa bin hanyar Daura daga Kano ta san da an wuce Ɗambatta ƙasa take fara canja kama. Sai ki hango duwatsun Kazaure sun yi jere kamar an girke su. Yamma da nan Roni ce da Gwiwa, ƙasar tudu da tsakuwa, inda ruwan damina kan zaizaye gona ya bar kwazazzabo. Gabas kuwa Babura ce, rairayi shimfiɗe, iskar bazara ta kwashi ƙasa ta binne shukar gero tun tana 'yar mitsitsiya. Ciwon kowanne daban, amma maganinsu ɗaya: itace.

Abin da ya kai ni shi ne gandun renon itatuwa na hukuma. Aiki ne na lokaci, daga wajen watan Maris zuwa Agusta. A nan za ki tarar da malaman daji, da leburori, da ɗalibai masu karatun gandun daji da makarantunsu kan turo koyon aiki na 'yan watanni.

Kada ki ɗauka wasa ne, 'yar uwa. Da farko a tankaɗe ƙasa, a gauraya ta da taki wanda ya ruɓe, a ɗura a baƙaƙen ledoji, a jera su sahu-sahu. Irin dakwara fatarsa tauri gare ta, sai an jiƙa shi kafin a shuka. 'Ya'yan darbejiya kuwa ba sa son ajiya, in suka kwana biyu ba za su tsiro ba. Ban ruwa safe da yamma, a cikin wannan rana ta Afrilu mai narka kwalli! Bayan 'yan makonni a riƙa ɗaga kowace leda ana datse saiwar da ta huda ƙasa, don in aka bar ta ta kama, ranar cira dashen ya tashi aiki. Dab da dashe kuma a rage musu ruwa da inuwa, su saba da wahala tun suna gida. Na ce wannan ai yaye ne, masu aikin suka yi ta dariya.

Sai ruwa ya zauna, wajen Yuli zuwa Agusta, ake kai su fili. A yage ledar, a dasa da ƙasar jikinta. Daga nan yaƙin yake farawa: ga akuya, ga gara, ga rani na wata bakwai ko takwas. Shi ya sa bikin dashe bai cika burge ni ba. A zo da manyan motoci, a dasa, a tafa, a watse, da kaka ki koma sai tsinke a tsaye. Wanda ya yi shinge da ƙaya ya yi ta jigilar ruwa da rani, babu mai ɗaukar hotonsa.

Tun kafin a cire Jigawa daga Kano a 1991 ake dasa layukan itatuwa masu tare iska a wannan shiyya, turare da darbejiya. Sun yi amfani, sai dai manoma na ƙorafin saiwar turare tana shanye damshin gonar da ke gefensa. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar itatuwa daga Sanagal zuwa Jibuti, a 2015 Nijeriya ta kafa masa hukuma, kuma Jigawa tana cikin jihohi 11 da ya shafa.

Ni dai gawo ne gwanina. Da damina ya zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi kore ya ba dabbobi 'ya'ya. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Magarya tun shekarun 1980 suka koma renon tohon da ya fito da kansa a gona, maimakon sare shi lokacin sassabe, ba leda ba ban ruwa.

Kin san dai wa ake aike neman ice in babu a gida, kuma kin san nisan yana ƙaruwa. To wadda ke sha'awar karatun daji, akwai shi a Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta. Wadda kuma ba ta kai nan ba, ta nemi dashen zogale ko mangwaro a gandun da ke kusa, ta dasa bayan ɗaki inda ruwan alwala ke gangarawa, ta kifa masa tsohon kwando saboda awakin Inna.