Takarda Ba Ta Riƙe Bango

A wani ƙauye da ke tsakanin Magarya da Dungas akwai wani magidanci, manomi ne. Yana noma hatsi da wake da ƴar gujiya. Gidan da yake ciki gadon ubansa ne, ginin ƙasa, da zaure da soro guda. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, shi da yaransa sukan kwaɓa ƙasa su yi yaɓe, su hau bisa su toshe tsaga, su gyara indararo. Haka gidan ya yi shekara da shekaru bai ba kowa kunya ba.

Babban ɗansa ya tafi ci-rani Ikko, ya yi shekara uku yana sayar da shayi. Aka yi masa baiko, aka sa ranar aure bayan kakar 2024. Sai ya fara aiko da kuɗi kaɗan-kaɗan, don a gyara soron nan amarya ta shiga. Yana son a sauke rufin ƙasa, a ƙara wa bango tsawo da bulo, a ɗora kwano, a shafe ciki da waje da siminti. Ya ce wa ubansa ta waya: "Baba, don Allah kada a ba maginin ƙauye. A nemi ɗan kwangila mai takarda, wanda gwamnati ta san da shi."

Aka nemo. Mutumin ya zo daga cikin gari bisa babur, da jakar takardu a rataye. Ya buɗe ya nuna takardar izinin aiki da hatimi a jikinta, ya ce ya sha gina azuzuwan makaranta. Magidancin bai iya karatun Faransanci ba, amma ya ga hatimi, hankalinsa ya kwanta. Takardun kuwa na gaske ne, babu ƙarya a cikinsu.

Sai aka shiga ciniki. Ɗan kwangila ya ce jika 900. Magidanci ya ce albarka. A lokacin siminti ya yi tsada ƙwarai, don tun bayan watan Yuli na 2023 iyaka da Najeriya take rufe, ba a buɗe ta ba sai cikin watan Maris na 2024. Suka yi ta ja har la'asar, aka tsaya a jika 600. Magidanci ya shiga ɗaka yana murna ya yi gwaninta. Ya ƙirgo jika 500 ya miƙa nan take. Ba a rubuta kome ba, ba a kira shaidu ba. Aka tafa hannu kawai, aka ce Allah ya sa albarka.

Ɗan kwangila sau biyu kaɗai ya leƙo wurin aikin. Ya bar yara huɗu, babbansu bai kai shekara ashirin da biyar ba. Sukan buga bulo yau, jibi su ɗora shi. Rijiya tana da nisa, saboda haka ba wanda ya damu da ba shi ruwa. Cikin kwana goma sha takwas aka gama, aka shafa shuɗin fenti. Mutanen ƙauye suka yi ta zuwa kallo. Aka ɗauki hoto aka aika Ikko.

Hadarin farko na watan Yuni ya zo da iska daga gabas, ya ɗaga kusurwar kwano guda. Magidanci ya ɗora duwatsu ya danne. Cikin watan Agusta shafen siminti ya fara tsagewa, ya kumbura, yana ɓallewa fale-fale kamar ɓawon itace. Wani dare ana tsakar ruwa sai aka ji rugum. Saman bangon gabas ya zube cikin ɗaki. Allah ya kiyaye, babu kowa ciki. Amma katifa da akwatunan lefe da buhu biyu na hatsi duk sun sha ruwa da laka.

Da gari ya waye magidanci ya buga waya. Ɗan kwangila ya ce: "Baba, sai haƙuri. Ruwa na Allah ne, bana kowa ya taɓu." Ya bi shi gari sau uku. Na farko aka ce ya fita, na biyu aka ce ya yi tafiya. Na uku suka haɗu a bakin kasuwa, magana ta yi zafi har mutane suka taru. Wannan ya ce an cuce shi, wancan ya ce an ɓata masa suna. Ɗan kuma daga Ikko ya daina kiran ubansa, don a ganinsa tsohon ne ya yi sakaci da guminsa na shekara uku. Wannan ya fi faɗuwar bangon yi wa magidancin ciwo.

Gaskiya ne damanar 2024 ta yi ɓarna a Nijar. Gidaje da yawa sun faɗi, an yi hasarar rayuka da dabbobi. Ranar 3 ga watan Satumba tsohon masallacin da ke unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, shi ma ya rushe. Ɗan kwangila ya sami abin kafa hujja. Da maigari ya kasa sasanta su aka kai magana gaban sarki, abin da ya fara faɗi ke nan: "Ranka ya daɗe, ruwan da ya kada masallacin Birni, wane ne ni in tsare shi?"

Sarki bai yi gardama da shi ba. Ya ce a nemo wanda ya san gini ya je ya gani da idonsa. Wanda aka samo shi ne tsohon maginin ƙauyen, wanda aka tsallake tun farko don ba shi da takarda. Ya tafi tare da wakilin sarki da masu ƙara duka biyu.

Tsohon ya ɗauki bulo guda daga cikin ɓaraguzai, ya murza shi da hannu, sai ya zube kamar garin tuwo. Ya ce buhun siminti guda mai kilo 50, in ana son bulo mai ƙwari, ba ya wuce talatin da ƴan kai. Wannan kuwa an ja shi ya kusa ninki biyu, sauran duk rairayi ne. Kuma siminti yana son a riƙa jiƙa shi safe da maraice ko da mako guda ne, ba ya cika ƙarfinsa sai ya kusa wata.

Ya zagaya yana ƙwanƙwasa bango da sanda. Ko'ina sai ya yi ƙara kamar ganga. Ya ce siminti da ƙasa ba su kama juna haka kawai. In ba a kafa ƙusoshi ko ragar waya ko ƴan duwatsu a jikin bangon ba, shafen rabuwa yake yi. Ruwa ya sami tsaga ya shiga baya, ba shi da hanyar fita, sai ya yi ta cin ƙasa a ɓoye, daga waje kuwa fenti yana ƙyalli. Ya nuna wayar da aka ɗaure katako da ita: a jeren bulo na sama kaɗai ta tsaya, ba ta sauka cikin bango ba. Ya nuna bakin kwano: an yanke shi dab da bango don a rage kuɗi, ruwa duk yana zuba a gindin gini. Sannan ya juya wajen ɗan kwangila ya ce: "Alhaji, masallacin Birni ya yi shekara fiye da ɗari da hamsin kafin ya faɗi. Naka bai cika wata biyar ba."

Ɗan kwangila ya dage cewa buhu arba'in ya zuba a aikin. Babu takarda, babu shaida, magana ta so ta tsaya nan. Sai uwargidan magidancin ta yi magana daga bayan dangar kara: "Malam, buhunan suna nan." Ashe duk buhun da aka juye sai ta ɗauke ta kakkaɓe ta adana a ƙarƙashin rumbu, don shanya kuɓewa da kuka. Aka fiddo aka ƙirga gaban kowa. Ashirin da uku.

Nan jikin ɗan kwangila ya yi sanyi. Amma da ya buɗe baki, abin da ya faɗa ba duka ne ƙarya ba. Ya ce jika 600 ba ta isa wannan aiki a farashin lokacin, ya kuma san haka tun ranar ciniki. Ya karɓa ne don hannunsa babu aiki, yana da yara da zai biya. Tsohon magini ya ce wa magidanci: "Kai ma da naka. Ka matse mutum har ya rasa riba, ka ba shi kuɗi kusan duka, ka tafi gona ka bar yara da bangonka. Araha ba ta ado." Magidanci ya sunkuyar da kai, bai ce kome ba.

A da, irin wannan rigima ba ta cika tashi ba. Magini ɗan gari ne, ya gaji sana'ar daga ubansa, a manyan garuruwa kuma akwai sarkin magina da ke tsawata wa ƴan sana'a. In bangonsa ya faɗi, kullum zai bi ta gabansa zuwa masallaci, kunya kaɗai ta isa ta sa ya gyara. Yanzu zamani ya sake. Tun da Dungas ta rabu da Magarya ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, gine-gine sun ƙaru, kuɗin ƴan ci-rani suna shigowa, kowa yana son kwano da siminti. Mai aikin yakan zo daga nesa, in ya gama ya hau babur ya tafi. Akwai masu amana da yawa a cikinsu. Amma takardar izini shaida ce kawai cewa hukuma ta yarda mutum ya yi sana'ar. Ba ta faɗin buhu nawa zai zuba a bangon wani.

Magatakardan sarki ya yi musu bayanin doka. Dokar sarakunan gargajiya ta 2015 ta ba sarki ikon yin sulhu tsakanin masu jayayya, a rubuta abin da aka shirya a kai. In sulhu ya ƙi, sai gidan shari'a na Magarya. Akwai kuma aya ta 1792 cikin kundin dokokin mu'amala da Nijar ta gada daga Faransa. Ta ce ginin da aka yi bisa yankakken farashi, in ya rushe duka ko wani sashe saboda aibin aiki, alhakin yana wuyan mai kwangila har shekara goma. Sai dai alƙali da hujja yake aiki. Wanda ya je hannu sake, ba takarda ba shaidu, zai sha zirga-zirga, kuɗin mota ma kaɗai ya ishe shi.

Suka zaɓi sulhu. Sarki ya ce wa ɗan kwangila, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Zai kawo buhu goma sha bakwai da suka ɓace, ya sake ɗaurin rufi da kuɗinsa. Magidanci zai biya ladan ma'aikata da ruwa. Tsohon magini shi zai tsaya kan aikin. Aka rubuta takarda uku, kowa ya sa hannu, guda ta zauna a fada. Allah ya taimaka, cikin watan Oktoba na 2024 gwamnati ta rage farashin siminti saboda waɗanda ruwa ya yi wa ɓarna, nauyin ya ragu.

Duk da haka hasara ta riga ta auku. Magidanci ya sayar da sa guda a kasuwar Maigatari don ya cika kuɗin aiki ya kuma sake lefe. Aka ɗaga aure har bayan ƙaramar salla ta 2025. Ɗan ya dawo gida, ya ga buhunan nan ashirin da uku, ya ji yadda aka yi. Ya durƙusa gaban ubansa ya ce: "Baba, ka yafe mini. Ni na ce sai mai takarda."

To jama'a, wanda zai gyara gida bana ya riƙe abu huɗu. Na ɗaya, kafin ya dubi takardar mai aiki, ya je ya dubi ginin da ya yi wanda ya ci damana biyu, ya tambayi mai gidan. Na biyu, a rubuta kome gaban shaidu: buhu nawa, kwano nawa, kwana nawa, kuɗi nawa. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya rubuta da Hausa, wanda ya iya ajami ya rubuta da ajami. Na uku, kada a ba da kuɗi gaba ɗaya. A raba su kashi-kashi, a riƙe na ƙarshe sai ruwa ya gwada aikin. Na huɗu, mai gida ko wani nasa ya tsaya a wurin, ya ƙirga buhu, ya ga an ba bulo ruwa.

Su kuma ƴan kwangila, in kuɗi ba su isa aiki ba, su faɗa tun a zaure. Gara a rasa ciniki da a rasa suna.

Magidancin nan yanzu takardar sulhun tana cikin gafakarsa. Duk maƙwabcin da ya zo shawarar gini, sai ya fiddo ta ya nuna masa, sannan ya kai shi bayan soro ya ƙwanƙwasa bango da sanda don ya ji bambanci. Allah ya kiyaye gaba.