Ƙarfen da Ke Riƙe da Inji

A kan hanyoyin da ke bin gefen magudanan ruwa na Kadawa, daga Garun Mallam zuwa Kura da Bunkure, tsohon babur shi ne jakin manomin rani. Ruwan da ake nomawa da shi daga dam ɗin Tiga yake zuwa, wanda aka kammala a 1974, amma taki da fetur ɗin injin ban-ruwa da kwandunan tumatir masu zuwa kasuwar Kwanar Gafan, mafi yawansu a bayan Jincheng ko Boxer suke tafiya. Yawancin waɗannan babura sun daɗe da cinye ƙuruciyarsu, kuma wurin da tsufa ke fara kama su ba kowa ke lura da shi ba: mazaunin inji, wato faifan ƙarfe da notunan da suka ɗaure injin a jikin babur.

Injin mai silinda ɗaya ba ya rabuwa da karkarwa. Idan aka haɗa wannan da nauyin kaya da gargadar hanya, sai noti ya fara sassautawa. Da zarar ya sami wurin motsi, aikin ɓarna ya soma, domin notin ƙarfe ne mai tauri, jikin injin kuwa alminiyom ne mai laushi. Kullum notin yana cin ramin da yake ciki, har ramin ya tashi daga zagaye ya koma siffar ƙwai. Alamun ba su ɓuya: hannu yana tsami a kan kambun tuƙi, ana jin ƙwas idan an saki kuloci, sarƙa tana sakewa bayan kwana biyu da ɗaure ta, wuyan salansa yana tsagewa, ga jan garin tsatsa kewaye da notin.

Sauya shi aikin awa ɗaya ne ko biyu, amma yana da ƙa'ida. Makanike na ƙwarai yakan tokare injin daga ƙasa da guntun katako kafin ya taɓa sifana, don kada nauyin ya faɗa kan sauran notunan. Sai ya cire tsohon faifan, ya duba ko jikin babur ɗin ya tsage. Idan ya sa sabo, yakan zura dukkan notunan sako-sako tukuna, ya daidaita injin har sarƙa ta miƙe sak da tayar baya, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tamkewa. Bayan 'yan kwanaki a sake gwada su da sifana.

Matsalar ita ce lokaci. A tsakiyar kakar tumatir, kayan da aka tsinka da safe ba sa jiran gobe, don haka mai babur yakan zaɓi wucin gadi: a cusa wosha, a ɗaure da waya, ko a kai wa mai walda ya like faifan. Walda tana rufe tsagar, amma ba ta mayar da ramin da ya cinye. Ranar da kunnen injin ya ɓalle, maganar ta wuce faifai da noti, ta koma sayen murfin inji da kwanakin zama a gida, ko sarƙa ta zame a gefen magudana da kaya a baya. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Saboda haka watan da ya fi dacewa da wannan gyara shi ne lokacin da ake dashe, kafin kwando na farko ya cika.