Houston, Inda Ake Ciro Zuciya a Gyara a Mayar

Daga Abuja muka bi ta Istanbul, ni da Baffana, muka sauka Houston a jihar Texas ta Amurka. Abin da ya kai mu ƙari ne da hoton zuciya, wanda likitoci ke kira eko, ya nuna. Baffa ya yi watanni yana fama da haki da tari, kuma tarin fuka aka fara zargi, don shi muka saba gani a gida.

Washegari muka shiga Texas Medical Center. Aboki, ba asibiti ɗaya ba ne, unguwa ce guda ta asibitoci, har jirgin ƙasa yana ratsa ta. Aka shiga ɗaukar hotuna, CT da MRI, daga nan likita ta zaunar da mu. Ni dai ban taɓa jin cewa zuciya ma tana yin daji ba. Ta ce da wuya ƙari ya tsiro daga ita kanta zuciyar, in kuwa ya tsiro, kusan ɗaya cikin huɗu ne mugu. Na Baffa, sarkoma, yana cikin mugayen. Ya kuma maƙale a ɗakin zuciya na hagu na sama, can baya, inda hannu ba ya kaiwa sosai.

Dabarar da ta zayyana mana ce ta ɗaure mini kai. Inji zai karɓi aikin zuciya da huhu. A ciro zuciyar ɗungurungum, a sa ta a ƙanƙara, a yanke ƙarin, a yi wa gurbin faci da tantanin zuciyar saniya, sannan a mayar a ɗinke. A asibitin Methodist na garin, Dakta Michael Reardon ya yi wa mai wannan cuta irin aikin tun 1998.

Baffa ya ce, "Likita, tawa ɗin za a mayar mini?"

Ta ce, "Taka, Alhaji. Shi ya sa ba sai ka sha maganin da masu dashe ke sha har abada ba."

Bayan tiyata na same shi rungume da ɗan matashi a ƙirji. In tari ya taso sai ya matse shi, saboda ƙashin da aka tsaga. Ba a ɓoye mana ba, sarkoma yakan dawo, don haka akwai ƙarin ruwan maganin daji a gaba.

Kai da ke gida, in naka yana haki, magani ya ƙi ci, don Allah ka nemi a yi masa eko.