Shekarar Da Yaya Ya Yi Shiru

Ranar 20 ga Agusta, 2019, gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, kuma a Kamba babu gidan da bai ji a jikinsa ba. Wanda bai san garinmu ba zai ɗauka iyaka wani wuri ne can nesa da ake zuwa da fasfo. A wurinmu iyaka ita ce kasuwa, ita ce gidan kawu, can aka aurar da ƙanne. Gaya tana nan kusa cikin Nijar, ka haye gadar kogin Kwara ka faɗa Malanbil ta Benin, in kuwa ta ɓangaren Bagudo ne, ga Lolo ga Tsamiya. Yayana direba ne, a kan wannan hanya ya yi gemu. Da kuɗin motarsa aka biya mini makaranta.

Da farko kowa ya ce kwana biyu ne. Sai a watan Nuwamba hukumar kwastan ta hana kai fetur duk gidan man da bai wuce kilomita 20 daga iyaka ba, gidajen man garin suka bushe. Yaya ya ajiye motar ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gida, da sauran bashi a kanta. Tayoyi suka sace, kaji suka koma kwana ƙarƙashinta.

Ba zan iya nuna ranar da abin ya fara ba. Ya bar zuwa wurin mai shayi. Ya bar majalisa. Mutumin da in yana ba da labarin jami'an hanya sai ka riƙe ciki don dariya, ya koma in ka gaishe shi sai ya ɗaga hannu kawai. Tuwo ya shiga ɗakinsa ya fito yadda ya shiga. Cikin dare, tun kafin kiran sallar farko, ina jin takunsa a tsakar gida, ya je rijiya ya dawo, ya je ya dawo. Ɗakin ya ɗauki warin rufaffen wuri, gumi da hayaƙin maganin sauro, don ya hana a buɗe taga. 'Yarsa ƙarama takan tsaya bakin labule tana leƙensa, ba ta shiga.

Kowa ya kawo nasa bayani. Inna ta ce sammu ne, wani a tasha ya daɗe yana jin haushinsa. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, malam ya zo ya yi ruƙiyya, kuma ba zan ɓoye ba, daren da aka yi karatun ya samu barci. Kawunmu na Malanbil ya aiko da ƙwayoyin ƙarin jini, ya ce gajiya ce, da Faransancinsa. Wanda ya fi yi masa ciwo shi ne wani dattijo da ya zauna gabansa ya ce rashin tawakkali ne, ai ba shi kaɗai aka rufe wa boda ba. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne, Baba." Daga ranar ya bar zuwa masallaci, yana sallarsa a ɗaki, don yana ganin bai cancanci shiga sahu ba.

Ni kuwa malamin firamare ne, na yi Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. A can aka koyar da mu ilimin halayyar ɗan Adam, da Turanci zalla. Mu 'yan Kamba mun tashi da Dandanci da Hausa da Zabarmanci, da ɗan Faransancin ciniki, amma Turanci sai a aji. Don haka na yanke wani littafi ina rubuta kalmomin yadda kunnena ya ji su daga bakin malami, ma'anar Hausa a gefe: imoshan, atitud, motibeshan, angizayati, difireshan, widirowal. Na haddace karen Pavlov da ƙararrawarsa, matakan girman yaro na Piaget, da tsanin buƙatu na Maslow. Na ci jarrabawa da kyau. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne maganar mutanen gidanmu ake yi. A raina waɗannan cututtukan Turawa ne, na masu ƙoshi, suna cikin littafi kamar sunayen kogunan Amurka. Na yi wata da watanni ina kwana ɗaki ɗaya tsakanina da Yaya, ban haɗa abin da na haddace da takun da nake ji cikin dare ba.

A watan Maris na 2020 korona ta rufe makarantu, na koma wuni a gida ina kallonsa. Da damina ambaliya ta cinye shinkafar Kebbi, har da 'yar gonar fadamar da muka sa rai da ita. Bayan kwana kaɗan, bayan isha'i, ya kira ni ɗakinsa. Ya miƙo mini makullin mota da takardunta cikin leda, da takardar gona. Muryarsa a kwance take, babu kuka a ciki.

"Ƙanena, in ba ni, ka riƙe yaran nan. Kai ka yi karatu."

Na ce, "Yaya, ina za ka?"

Ya ce babu ko'ina.

Na fito ƙafafuna ba sa ɗaukata. Bakina ya bushe. Na zauna kan turmi a tsakar gida, sauro na cizo ban kore su ba, sai muryar malaminmu ta Argungu ta dawo mini, ranar da ya ce mutumin da ya fara raba kayansa yana ban kwana, kada a bar shi shi kaɗai. Na buɗe waya na rubuta kalmar nan ta difireshan da Turancina mai gargada. Bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya ya fito: baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai kusan kullum har mako 2 ko fiye, lalacewar barci, rashin cin abinci, kasala, ganin kai ba a bakin komai ba, tunanin mutuwa. Ina karantawa ina lanƙwasa yatsu. Mako 2 suka ce. Shi ya shekara.

Da asuba na samu matarsa a madafa. Ban gama magana ba ta fashe da kuka, ta ce tun bazara ta kwashe maganin feshin gona da igiyar rijiya ta biyu ta kai gidan maƙwabta, ba ta faɗa wa kowa ba. Wa za ta faɗa wa? A ce ta yi wa mijinta mugun fata? Ga kunya, ga kuma doka, don a lokacin wanda ya yi yunƙurin kashe kansa mai laifi ne a kundin hukunci, kuma dokar masu ciwon ƙwaƙwalwa ta 1958 ce ke aiki, sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwa. Har yau in na tuna watannin da baiwar Allah nan ta yi tana gadinsa ita kaɗai, idona yakan kawo ruwa.

Inna ce mai wuya. A ƙasarmu in aka ce a kai mutum asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, zagi ne, yara ma da shi suke tsokanar juna. Ta ce, "Ɗana ba mahaukaci ba ne." Na durƙusa na ce, "Inna, wallahi ba mahaukaci ba ne. Ciwo ne, yana da suna, yana da magani, kamar hawan jininki." Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce mu fita da duhu kada unguwa ta gani.

Muka bi ta Bunza da Kalgo zuwa Birnin Kebbi, muka wuce Argungu, ruwa ya kwanta kan gonaki hagu da dama. Yaya bai ce uffan ba har Sakkwato, har muka shiga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Likitan da ya gan mu matashi ne ɗan Kudu, Hausarsa ta gaisuwa ce. Yaya kuma in ya gaji Dandanci yake komawa. Sai na zama tafinta.

A nan na ga manyan kalmomin ba su ne suka fi aiki ba. Ƙananan jimlolin yau da kullum ne likita yake nema: yana farkawa tun dare, ba ya jin daɗin abin da yake so a da, yana ganin ya zame wa iyalinsa nauyi, ba ya jin muryoyi, ba ya shan ƙwaya. Ina haɗa su ɗaya bayan ɗaya, gumi na zuba a bayana. Sai likita ya ce in tambaye shi ko ya taɓa tunanin ɗaukar ransa. A gidanmu ƙane ba ya kallon idon wansa, balle ya yi masa irin wannan tambaya. Na dubi ƙasa na yi ta da Dandanci, da harshen da Inna ta yi mana reno. Ya yi shiru har na ji ƙarar fankar sama. Sannan ya ce e, kullum, kuma yaran ne kawai suke tsayar da shi. Na juya na faɗa wa likita da Turanci, muryata tana rawa. Da na waiwaya, Yaya yana kuka, karo na farko tun da aka rufe iyaka. Daga baya ya gaya mini cewa a duk shekarar nan babu wanda ya tambaye shi, kowa bayani yake yi masa.

Suka riƙe shi ɗan kwanaki. Likita ya ce maganin ba ya aiki sai an yi makonni, zai busar da baki, kuma kada a tsayar da shi don an ga sauƙi. Ya ce a ci gaba da addu'a, ba ta karo da ƙwaya. Wannan jimla na kai wa Inna kafin komai.

Sauƙin ya zo a hankali. Alamar farko, wata rana ya ɗanɗana miya ya ce babu gishiri. Inna ta bar ludayi ta shiga ɗaki ta yi sujada.

A Disambar 2020 aka buɗe iyakoki 4, babu Kamba a ciki, sai a Afrilun 2022. Kafin nan Yaya ya sayar da motar ya biya bashi, ya sayi injin ban ruwa ya kama noman rani. Ni kuma a aji na fara koya wa manyan ɗalibai yadda za su faɗi halin zuciyarsu da Turanci mai sauƙi, da Hausarsa a gefe: ina jin tsoro, ba na barci, raina a ɓace yake, ina buƙatar taimako. Takardar magani da katin asibiti da Turanci suke zuwa, kuma yawancin gidajenmu yaron makaranta ne tafintansu. Bai kamata ya fara koyon waɗannan jimloli a gaban likita ba, wansa na zaune a gefe.

Ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum a Yamai, aka sake rufe iyakar Nijar, ciniki ya sake tsayawa a Kamba. Ban kai ga zuwa duba shi ba, shi ya zo ɗakina. Ya ce, "Barcin ya fara gudu. Shirya mu koma wurin mutanen nan tun da wuri." Da rana tsaka muka fita wannan karon, kuma ba mu biyu ba ne. Ya lallaso wani tsohon abokin tuƙinsa da ya yi wata bai fito tasha ba. Tun daga Bunza yake shirya shi: za su tambaye ka barci, za su tambaye ka abinci, akwai kuma wata tambaya mai nauyi, ƙanena zai yi maka ita da Dandanci.